SAI BANGO YA TSAGE

 

Abin da ya sa na ɗauki biro yau wani abu ne da ya faru a maƙwabtanmu ranar wata Laraba da la'asar sakaliya. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai na jiyo ihu ta katanga, ana jibgar yarinya kamar an samu jaki. Na yafa mayafi na shiga. Na tarar da uwar riƙe da wayar 'yarta a hannun hagu, muciya a hannun dama, tana huci tana faɗin, "Wannan tsinanniyar wayar ce ta lalata mini 'ya!" Yarinyar, wadda bara ta gama sakandare, tana rakuɓe a jikin randa, ko hawaye babu a idonta. Ashe saƙonnin wani magidanci aka gani, mutumin da ya kusa sa'an ubanta, kullum dare sai ya aiko, ita kuma tana zazzage masa cikinta. Kafin magariba uban ya dawo ya yanke hukunci: waya a fasa ta, yarinya kuma a ba duk wanda ya fara yin sallama, tun kafin ta jawo musu abin kunya.

Da na koma gida sai na kasa ƙarasa tankaɗen, domin na taɓa ganin irin wannan rana, sai dai a lokacin ni ce a jikin randar. Ina aji uku na sakandare Inna ta ɗaga katifata ta tarar da littattafan soyayya guda biyu da na karɓo haya. Ba ta yi boko ba, amma ta ga zanen mace da namiji a bangon littafin. Nan take ta cusa su a murhu, ta ce su ne za su buɗe mini ido. Sai da na yi sati uku ban ci kuɗin tara ba kafin na biya mai haya.

Ba Inna kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Duk wadda ta yi wayo a shekarun 1990 ta san tsangwamar da littattafan nan suka sha. Malaman jami'a suka yi ta muhawara a kansu a jaridu, har Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano. Masu wa'azi suka ce su ne ke koya wa 'yan mata rashin kunya da bijire wa iyaye. A shekarar 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Daga littafi zargi ya koma kan finafinan Hausa, yau ga shi ya sauka a kan waya. Kullum akwai abin da za mu nuna da yatsa a waje, amma ban taɓa jin an tara iyaye an ce mu zo mu duba cikin gidajenmu ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wannan ya sa na zauna na sake karanta uku daga cikin littattafan da aka fi yi wa surutu, wannan karon da idon uwa mai 'ya'ya 'yan mata. Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Littattafan da aka ce suna ɓata tarbiyya, ashe ƙarar gida suke kawowa, mu ne dai ba mu saurara ba.

Na fara da Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka kuma fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Da ina yarinya abin da ya ɗauki hankalina shi ne Saudatu, da yadda Alhaji Abubakar ya gan ta ya aure ta ta shiga daula. Wannan karon kuwa a shafukan farko na tsaya. Ga Rabi da 'ya'ya tara. Mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, amma naira biyar yake ajiye mata kuɗin cefane, shi kuwa ya fita ya ci mai kyau a waje, ya kashe wa matan banza. Sauran ɗawainiya duk tana wuyan Rabi. Daga baya ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rigima ta tashi, ya saki uwar 'ya'yansa.

To 'yar uwa, ki ajiye Rabi a gefe tukuna, ki dubi yaran nan tara. Idanu goma sha takwas ne suke kallo kullum safiya in an ajiye naira biyar ɗin nan. Babu wanda ya zaunar da su ya ce ga yadda aure yake, amma sun haddace karatun fiye da na allo. Mace a cikinsu ta koyi cewa namiji abin tsoro ne, lallaɓa shi ake yi a karɓi wani abu a hannunsa, so kuwa da abin da aka miƙo ake auna shi. Namiji a cikinsu ya koyi cewa matar gida ta wahala ce, fara'a da kyauta rabon ta waje ne. Ranar da yarinyar da ta tashi a irin wannan gida za ta fita zance, hannun saurayi za ta fara dubawa kafin halinsa, domin ta riga ta rantse a ranta ba za ta yi zaman da uwarta ta yi ba. Sai mu taru mu ce 'yan matan yanzu kwaɗayi gare su. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Littafi na biyu shi ma nata ne, Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na 1990. Abu yarinya ce 'yar ƙauye mai son karatu, ubanta ya cire ta daga makaranta. Saurayin da aka sa rai zai aure ta ya yi boko idonsa ya buɗe, ya ce shi ba zai auri jahila ba. Sai uban ya ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya haife ta. Abin da ya faru daren da aka kai ta marubuciyar ba ta ɓoye ba, kuma sunansa zalunci ko da an ɗaura aure. Abu ta gudu birnin Kano wajen 'yar uwarsu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba daga sama Hajiya Balaraba ta ɗauko labarin ba. Ita kanta, duk da kasancewarta ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, auren bai yi ƙarko ba, sai daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci.

Masu suka sun ce irin wannan labari yana koya wa yara gudu daga gidan miji. Ni kuwa abin da na gani shi ne, duk shawarar da aka yanke a kan Abu, daga cire ta a makaranta har zuwa ɗaurin aure, ba a nemi bakinta ba. Ki riƙe wannan da kyau. Yarinyar da tun tana ƙarama in ta ce "ba na so" sai ta sha mari, an kashe mata wannan kalmar a baki. Mu a ganinmu ladabi muka koya mata. To ranar da wani ƙato zai tare ta a lungu, ko malami ya ce ta same shi a ofis, ko saurayi ya ce in tana son sa ta nuna masa, a ina za ta samo "ba na so" ɗin da muka riga muka ƙwace? Abu dai Allah Ya ba ta zuciya ta gudu. Da yawa ba sa gudu, sunkuyar da kai suke yi a gaban kowa, na halal da na haram.

Na uku shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, wanda ya fi kowanne shan zagi saboda rijiya. Sumayya 'yar masu kuɗi tana son Muhammad talaka, manyan gidan suka ce sai Abdulƙadir mai dukiya. Da ta ga ba mafita ta faɗa rijiya, Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba aka ciro ta. Aka yi ta faɗin cewa 'yan mata za su kwaikwaya. Ban yaba faɗawa rijiya ba, kashe kai haramun ne, kuma da an tambaye ni da na ce marubucin ya nemo mata wata hanyar. Amma fisabilillahi, duk surutun da aka yi a kan rijiyar nan, mutum nawa ne suka tambayi abin da ya kai yarinya bakinta? Manya ne suka ga kuɗi suka runtse ido, ba su binciki ta inda dukiyar Abdulƙadir take shigowa ba, ga shi daga baya ta bayyana ba ta halal ba ce. Gidan da ake ciniki da 'ya, shi ya haƙa rijiyar.

Kada ki ɗauka na wanke littattafan nan tas. Suna da nasu laifin, sai dai ba shi ne wanda aka ƙona su a kansa ba. Laifinsu na farko, da yawansu daga an kai amarya ɗakin wanda take so sai su ce alhamdu lillahi, kamar an shiga aljanna. Ki dubi Saudatu. Ta ga an wulaƙanta uwarta, ta ga an saki uwarta a kan karuwa, amma da mai kuɗi ya aure ta sai ka ce an wanke mata zuciya da sabulu. Ni kuwa na san irin su Saudatu a zahiri. Su ne waɗanda in miji ya ƙara minti goma bai dawo ba gabansu ya fara faɗuwa, su laluba aljihu, su shinshina riga, su riƙa ɓoye kuɗi a ƙasan akwati suna jiran ranar saki. Miji ya rasa laifin da ya yi, bai san bashin surukinsa yake biya ba. Littafin ya nuna mana ciwon daidai, sai ya rubuta mana maganin da ba shi ba, wai maganin mugun uba shi ne miji mai mota. A nan kam an cuci masu karatu, domin cikin 'yan mata dubu, guda nawa ce Alhaji Abubakar zai gani ya aura?

Laifi na biyu, mugayen cikin labaran nan kamar daga sama suke faɗowa. An nuna mana ɓarnar Delu, muka tsine mata muka huce. Amma Delu ma 'yar wani ce, an taɓa goya ta. Me ya fito da ita daga gida? Shi kansa Alhaji Abdu, wace uwa ce ta raine shi? Ina zaton irin uwar nan ce da take zuba wa ɗanta namiji nama ta ba 'yan uwansa mata romo, in ya mari ƙanwarsa ta ce "ai yayanki ne", in ya bi dare ta ce "ai namiji ne". Mu mata mu yarda da wannan ko da ɗaci: da hannunmu muke rainon mazan da wasu matan za su kwana suna kuka da su.

Ƙarshen labarin Rabi kuwa, da ina yarinya haushinsa na ji. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta ci amanarsa, sai ga mazan dangi sun taru sun matsa wa Rabi ta koma, bayan ta tsaya da ƙafarta da sana'ar abinci. Yanzu na daina jin haushin marubuciyar, don gaskiya ta faɗa, haka ake yi. Abin da nake tunawa kawai, 'ya'yan Rabi suna tsaye suna kallo, maza da mata, kuma kowannensu da wannan karatun zai shiga nasa auren.

Bari in bar littafi in dawo gidanmu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, daga "ke" sai "waccan". Kunya ce irin ta mutanen da, kuma na san tana so na, don in ba ni da lafiya ba ta runtsawa. Amma yaro bai iya karanta zuciya ba, abin da ya shiga kunnensa shi ya sani. Baba kuwa in ya yi gyaran murya a zaure kowa sai ya nemi maɓoya. Ban taɓa ganin shi da Inna suna hira suna dariya ba. Abin da ke haɗa su a gabanmu bai wuce "ga cefane" da "ina ruwan wanka" ba.

Ranar da na fara al'ada ina da shekara 13, na zaci wani mugun ciwo ne ya kama ni. Kwana biyu na yi ina ɓoye tsumma a bayan ɗaki ina kuka, ina kuma yin salla a haka don ban san hukunci ba. Da Inna ta gane, magana ɗaya ta yi mini, ko duba na ba ta yi ba: "To, kin girma. In namiji ya taɓa ki, ciki." Shi ke nan karatun da aka yi mini. Sauran a bakin ƙawaye na tsince shi a wajen talla, rabi gaskiya rabi shirme.

Ita kanta tallar abin dubawa ce. A ɗora wa yarinya faranti don a tara kuɗin kayan ɗaki, a tura ta tasha da gareji da bakin kasuwa cikin maza, a ce kada ta kuskura ta dawo da kwantai. In ta dawo da kuɗin da ya fi na kayan, ba a tambayar daga ina, albarka ma ake sa mata. In ta fara zance, uwa ce ta farko da za ta ce "nawa ya ba ki?" To me aka koya mata? An koya mata cewa fara'arta abin sayarwa ce. Bayan nan kuma mu zo muna neman littafin da ya ɓata ta.

Saboda haka mutum na farko da ya kira sunana da taushin murya, ya ce, "Me ya same ki na ga idonki ya yi ja?", wallahi ji na yi kamar an ba mai ƙishirwa ruwan randa. Ban duba sallarsa ba, ban duba yadda yake yi wa uwarsa magana ba. Gwaggona ta ce ba mutumin kirki ba ne, na ce baƙin ciki take yi mini. Na aure shi. Shekara huɗu na yi, na fito da 'ya ɗaya da takardar saki. Kuma ba zan ɗora masa laifin duka ba. Na shiga gidansa da shirun Inna. In ya ɓata mini rai ba na faɗa, sai in kumbura in kwana uku ba magana, domin ban taɓa ganin yadda mata da miji suke zama su warware matsala da baki ba.

Ta fannin shimfiɗa kuwa, ku yi haƙuri zan faɗa tunda mu ya mu ne. Yarinyar da aka shekara ashirin ana gaya mata abin nan ƙazanta ne, 'yan iska ne ke zancensa, ba za ta juye ta zama wata a dare ɗaya ba don kawai an ɗaura aure, 'yan kai amarya sun ce mata "yi na yi, bari na bari". Da yawanmu tsoro muka kai ɗakin miji, muka ɗauki abin kamar aikin dole irin daka da wanki. Shi kuma mijin, wanda nasa karatun a majalisar samari ya yi shi, bai san lallashi ba, bai san ita ma tana da haƙƙi a kansa ba. Ya ga kamar ba a son sa, ya fara leƙe-leƙe. Daga nan sai a bazama neman kayan mata, a sha wannan a matsa wancan, a ƙarar da kuɗi, wani lokaci ma a jawo wa kai ciwo, alhali matsalar a zuciya take, tun daga ɗakin uwa aka taho da ita.

Abin da ya fi ba ni takaici, wannan shirun da addini muke jingina shi, addinin kuwa bai ce haka ba. Ummu Sulaim da ƙafarta ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta tambaye shi hukuncin mace in ta yi mafarki irin na balaga, ya kuma ba ta amsa. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Ahalari da Risala da ake karantawa a zaurukanmu da Islamiyyu, bayanin haila da wankan janaba yana cikinsu ɓaro-ɓaro. Khansa'u 'yar Khidam ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara, Manzon Allah (SAW) ya raba auren. Inda addini ya ce a sa sutura kuwa daban ne. Suratun Nur ta umarci a koya wa yara neman izini kafin su shiga wajen iyaye a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan isha. Hadisi kuma ya zo da umarnin a raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10. Mu kuwa mun juya abin a baibai. Inda aka ce a yi bayani mun rufe baki, inda aka ce a rufe mun bari a fili. Uwar da ba ta iya gaya wa 'yarta hukuncin haila, ita ce za ta zauna a gidan biki tana zuba zancen ɗaki ita da ƙawayenta, yara na gefe suna tsinta.

Na san wata za ta ce, ai akwai gidan da aka yi tarbiyya iya tarbiyya amma ɗa ya fanɗare. Gaskiya ne, wani lokacin albasa ba ta yin halin ruwa, ko Annabi Nuhu (AS) ɗansa bai bi shi ba. Na kuma san akwai wadda ba son ranta ne ya sa take ɗora wa 'yarta talla ba, babu ce, kuma ɗaki ɗaya gare su ita da miji da yara bakwai. Ban kuma ce waya tsarkakakkiya ba ce. Akwai ƙazanta a cikinta wadda ko a mafarki littattafanmu na da ba su kai ta ba, dole a sa ido. Haka nan ban ce wadda ta tashi a gida irin namu ta halaka ke nan ba, ga ni nan Allah Ya ba ni zama na biyu, na koyi buɗe baki da girmana. Abin da nake cewa kawai, ƙadangaru sun cika gari tun fil azal, amma sai bango ya tsage suke samun wurin shiga.

Washegari da hantsi, bayan maigidan ya fita, na koma wajen maƙwabciyata. Na same ta tana tsintar shinkafa, idonta ya kumbura. Na ce, "Yaya, don Allah kin sa an karanta miki saƙonnin nan duka?" Ta ce ƙanen yarinyar ya karanta mata. Na ce, "Me mutumin yake ce mata?" Ta ce, "Yo me zai ce, wai kin ci abinci, wai me ke damunki, wai ke yarinyar kirki ce." Na ce, "Yaya, mutumin nan mugu ne, tarko yake ɗana mata, kuma ya kamata a je a ja masa kunne. Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah, yaushe rabon da ke ko Malam ku yi mata ɗaya daga cikin tambayoyin nan?"

Ta yi shiru har na zaci ta ji haushi. Can ta ajiye farantin ta ce, "Mu wa ya tambaye mu?"

Ban iya ba ta amsa ba, don ni ma ba a tambaye ni ba, Inna ma ba a tambaye ta ba. Haka muke miƙa wa juna shirun nan, uwa ta ba 'ya, kamar tasoshin gado. Muka zauna ni da ita muka yi kukanmu. Daga baya na ce ta samu yayar Malam, tunda yana jin maganarta, ta roƙe shi a dakata da zancen auren. In an ba yarinyar nan wanda ya fara sallama, da yunwar da ta kai ta ga wancan magidancin za ta shiga ɗakin miji, kuma duk ranar da mijin ya daina tambayarta, wani zai tambaya. Har zuwa yau da nake rubutun nan ba a ɗaura ba, ba a kuma ce an fasa ba. Ku taya ta da addu'a.

'Yar uwa matar aure, ba kuɗi nake cewa ki nemo ba. Ki kira 'yarki da sunanta. Ki zaunar da ita tun kafin al'ada ta zo mata, don ba a fafe gora ranar tafiya. In kunya ta hana ki, ki sa ƙanwarki ko malamar Islamiyya. In ta kawo miki magana, ko mai nauyi ce, ki ji ƙarshenta kafin ki ɗaga hannu, domin in kin mare ta yau, gobe wani za ta kai wa. Ki bar ta ta ce "ba na so" a ƙananan abubuwa, don ta iya faɗa a manya. Ɗanki namiji ki sa shi ya ɗauke kwanon da ya ci, ki hana shi dukan ƙannensa. Ki lallaɓa maigida ya riƙa zama da yaransa ko na ɗan lokaci ne bayan isha, kuma in kun saɓa kada ku yi a gabansu, in kuwa sun ga faɗan to su ga shirin.

Ke kuma budurwa, ki san abin da kika ɗauko daga gidanku. In kin ji zuciyarki ta narke don wani ya yi miki magana mai daɗi, ki tsaya ki tambayi kanki, shi ɗin nake so ko maganar ce ban saba ji ba? Ki dubi yadda yake da uwarsa da ƙannensa mata, don haka zai kasance da ke in amarci ya wuce. Kuma ki yafe wa iyayenki, abin da aka ba su shi suka ba ki. Ke dai kada ki miƙa shi gaba.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, Ya zaunar da matan aure lafiya a ɗakunansu. Inna da Baba da sauran iyayenmu da suka riga mu, Allah Ya jiƙan su Ya gafarta musu. Inda na yi kuskure ku yafe mini. Wassalamu alaikum.